Mun Kai A'i Yamai, Ba Ta Taɓa Balo Ba

Tun da muka dawo daga Yamai ban huta da tambaya ba. A wurin aiki, a gidan suna, har mai kabu-kabun da ke kai ni asibiti da safe, kowa sai ya ce, "Tanti Salamatu, yaya Yamai? An ce an cinye ku, mi ya faru?" Ni kuma in ce sai hamdala, in kau da zancen. Makon jiya ƙawata Rabi ta ritsa ni a ɗakin allura, ta ce wannan fuskar tawa ba ta wadda aka ci wasa kawai ba ce. Gaskiyarta. To bari in zauna in faɗa sau ɗaya, daga farko har ƙarshe, in huta. Wadda abin ya fi shafa ta ce ba komi, in faɗa.

Ni ƴar Damagaram ce, aikin jinya ya kawo ni Adar. Na yi shekara uku a ƙaramin asibitin Takanamat kafin a maido ni Tawa. Ban taɓa buga balo, wato ƙwallon ƙafa, ba a rayuwata. Malam Garba ne, malamin wasanni da ke horar da ƙungiyar ƴan mata ta garin nan, ya roƙe ni in riƙa bin su da akwatin magani, don iyaye ba su yarda ɗiyansu su yi tafiya ba babbar mace a cikin mota. Haka na zama Tantinsu. Bana Allah ya ba su kofin ƙasa, abin da ba wanda ya zata, har su kansu. Ƙa'ida kuwa ita ce, wadda ta ci kofi sai ta haɗu da wadda ta zo ta ɗaya a gasar shekara, a yi wasa guda a Yamai, a ga gwanar gwanaye. Shi ne abin da ake ce wa super kup a tele.

Duk wanda ya kalli wasanninmu ya san A'i ce ta kai mu can. Yarinya ce doguwa, siririya, marar yawan magana, mai lamba tara. Tun ina Takanamat na san ta. Mahaifinta Alhusaini makiyayi ne, Tamashek ne harshensu na gida, bukkokinsu na arewa da gari. Na fara ganinta tana wasa da ƴan makaranta a bayan asibiti, ba takalmi, tana wuce su kamar an dasa su. Ni na yi wa Malam Garba zancenta da ta zo karatu Tawa.

Lokacin kaka ne, makaranta ba ta koma ba, A'i tana gida. Sai da na hau motar kasuwa na je ɗauko ta da kaina, don uban ya ce ba zai saka ta mota ita kaɗai ba. Na iske shi zaune a gindin aduwa, ya rufe baki da rawani. Muka gaisa, gaisuwar nan tasu mai tsawo, ana taɓa hannu ana sakewa. Ya ce, "Malama, ni ban san balo ba. Ke na sani. Ke na ba ta." Ya ce ya ji mai shagon bakin kasuwa zai fiddo telensa waje ranar, kuma shi ma zai baro dabbobi ya zo ya ga abin nan da ɗiyarsa ke yi har ana kiran sunan garinsu a rediyo. Uwarta ta ƙulle mata cuku a cikin tsumma.

Ranar Jumma'a bayan sallar asuba muka bar Tawa a wata tsohuwar kar, doguwar motar fasinja, da aka ara mana. Kujerun baya sun karye, sai aka jera jakunkuna ƴan matan suka zauna a kai. Tun kafin mu fita gari suka fara waƙa, Zainabu kyaftin na ba da baiti, saura na amshi, suna dukan jikin mota. Direba ya ce in suka ɓalle masa ƙofa a nan zai sauke su.

Mun ɗan wuce Badagishiri taya ta fashe. Muka fito muka tsaya a bakin wata gonar wake, rana ta fara zafi. Mata masu roron wake suka bar aiki suka zo kallo. Wata tsohuwa ta zagaya Zainabu, ta dubi wandon wasanni, ta dubi kallabinta, ta ce, "Ku kuwa maza ne ko mata?" Zainabu ta ce, "Mata muke, Inna, balo za mu bugowa Yamai." Tsohuwar ta riƙe haɓa. Ta ce, "Har Yamai don balo? Babu hili nan?" Aka yi ta dariya. Amma kafin mu tashi sai ga ta da ƙwaryar ɗanyen wake dafaffe, ta ce mu ci a hanya, Allah shi ba mai gaskiya sa'a. Ina jin wannan ce dariya ta ƙarshe da na yi da zuciya ɗaya a tafiyar.

A Tsarnawa masu albasa suka rufe tagogi, har wata ta tura mana buhu ta ce mu kai tsaraba. Konni kuwa, wanda bai taɓa zuwa ba sai ya ɗauka ya ƙetare iyaka bai sani ba. Masu canji zaune a kan benci da damin naira, kwalaben mai jere a bakin titi, waƙoƙin Sakkwato na tashi daga kowane shago, babura kamar ƙudan zuma. Muka ci awara da yaji a tsaye. Yawancin yaran ba su taɓa wuce nan ba.

A shingen ƴan sanda na fita Konni aka karɓi katin shaidar kowa, aka ce mu jira a cikin mota. Can wani ɗan sanda ya dawo da katunan a hannu, ya tsaya a ƙofa yana kira ɗaya bayan ɗaya. Ya kira Zainabu, ya kira ni, ya kira wasu. Sai ya ce, "Raishita Alhusaini!"

Ba wadda ta tashi. Ya sake kira. Yara suka fara waige-waige. A na uku sai A'i ta miƙe daga baya, kanta a sunkuye, ta miƙa hannu.

Motar ta ɗauki ihu. "Raishita! Wace ce Raishita? A'i, ashe suna biyu gare ki kamar ɓarauniya!" Ta ce a hankali, "Shi ne sunana na yanka. Haka ake hwaɗinai da harshenmu. Ku ne kunka maishe ni A'i." Suka ci gaba da tsokana har direba ya ta da mota.

Ni kam sai na kai hannu kan jakata. Lasisin ƴan wasa duka, wato katunan da ake nunawa kafin a shiga fili, suna cikin jakata. Kuma ni na cike takardun neman su bara, don Malam Garba ya ce rubutuna ya fi nasa kyau. Na buɗe jakar a ɓoye a kan cinyata, na zaro na A'i. Ga hotonta, ga rubutun da aka kwafa daga hannuna: Aishatu Usaini. Ranar da na cike takardar ba ta da katin shaida tukuna, ni kuwa ban tambaye ta ba, ban nemi takardar haihuwarta ba. Na rubuta yadda na ji kowa na kiranta, yadda mu Hausawa muke faɗi.

Malam Garba na zaune a gaba kusa da direba, taku uku tsakaninmu. Na ce bari in tashi in gaya masa. Sai wata zuciyar ta ce, ai shekara guda tana wasa da wannan lasisin, ba wanda ya taɓa duba abin da ya wuce hoto. Me zai sa in ta da hankalin mutane a kan hanya? Gaskiyar magana kuma kunya nake ji. Babbar mace, ma'aikaciya, wadda ke yi wa uwaye faɗa kullum a kan su riƙa rubuta sunan jarirai daidai. Na mayar da katin, na ja zif.

Daga Dogon Dutsi zuwa Doso harshe ya fara juyawa. A tashar Doso Zainabu ta nemi ruwa da Hausa, mai tallan ta amsa da Zabarmanci, suka yi ta nune-nune da hannu. Muka sayi dambu da kwaɗon zogale, wanda su suke ce wa kopto. Nasu ya fi namu ƙuli, ya fi mai, yara suka ce ya yi daɗi amma yajin bai kai na Adar ba. Ni ban iya ci ba. Gaba da Birnin Gaure A'i ta taɓa kafaɗata ta nuna min daji. Ban ga komi ba sai itatuwa. Sai da ɗaya ya motsa wuya na gane raƙuman dawa ne, uku, a tsaye. Ita ta fara ganinsu tun daga nesa, idon mai kiwo. Ta ce, "Tanti, in na gaya ma Baba ba ya yarda." Fuskarta a sake, tana murmushi. Na kau da kaina.

Mun shiga Yamai kafin magariba. An sauke mu a ɗakin kwanan wata makaranta, gadaje na ƙarfe, wasu da katifa wasu babu. Famfo ba ruwa. Mai kula da wurin wata dattijuwa ce Bazabarma, mai kirki, duk abin da muka tambaya sai ta ce "kala suru", wato sai haƙuri. Ruwa, kala suru. Gidan sauro, kala suru. Kafin gari ya waye yara sun laƙaba mata sunan. Ita da kanta ta ɗauko mana ruwa a bokiti daga maƙwabta, ta ƙi yarda a taya ta.

Abin da ya fi ba yaranmu mamaki shi ne gaisuwa. A Tawa in ka tsaya tambayar hanya sai an tambaye ka gida da gajiya da iyali. A can mutum na amsa maka yana tafiya. Ga mata a kan babura ko'ina, da jakar aiki a baya, ba mai ko waiwayarsu. Zainabu ta ce, "Nan ko da wando kika tahi kasuwa babu mai ce miki namiji." Da aka kawo abinci, shinkafa ce da soyayyen kifin kogi. Yara suka far masa. A'i ta ture kwanon a hankali, don mutanensu ba su cin kifi, ko warinsa ba su so. Ta kwance tsummanta ta ci cuku da burodi, kwana biyu abincinta ke nan.

Ranar Asabar da safe aka ba mu awa guda mu motsa jiki a babban fili. Karo na farko ke nan da yawancinsu suka taka ciyawa irin wannan. A'i ta cire takalmi ta taka ta da tafin ƙafa, ta ce sanyi gare ta. Muna fita abokan karawarmu na shigowa da motarsu mai fenti, jakunkuna iri ɗaya, likitansu namiji da akwati ya ninka nawa uku. Na ga wata mata cikin manyansu ta tsaya tana kallon A'i, tana magana da na kusa da ita. Duk yinin nan ba abin da muka yi sai wanki da kwanciya. Sau biyu ina zuwa inda Malam Garba ke zaune yana zane-zanensa a takarda. Na farko na tambaye shi ko ya sha magani don ciwon kansa. Na biyu na ce masa ƙanƙara za mu nema saboda gobe.

Lahadi da la'asar ne wasan. Muna ɗakin canza kaya, yara sun sa riguna, Malam Garba na yi musu magana ta ƙarshe, sai kwamishinan wasa ya shigo, wato jami'in da ke duba takardu. Dattijo ne mai tabarau. Matar nan ta jiya na biye da shi. Ya ce wannan babban wasa ne, kowace ƴar wasa ta fito da lasisi haɗe da katin shaida.

Na miƙa masa lasisin. Ya yi ta haɗawa biyu-biyu yana ajiyewa. Da ya zo kan na A'i sai ya tsaya. Ya ɗaga tabarau, ya dubi wannan, ya dubi wancan.

Ya ce, "Lamba tara. Nan Aishatu Usaini, nan Raishita Alhusaini. Wace ce a ciki?"

A'i ta ce, "Duka ni ce. Ga hotona nan, ga ni tsaye."

Matar ta yi magana da Faransanci, ta ce su dai sun shigar da ƙorafi, a rubuta. Malam Garba ya fara bayani, suna ɗaya ne, faɗar harshe ce ta bambanta, kowa a Adar ya san haka. Na matsa gaba na ce laifina ne, ni na rubuta, a hukunta ni in akwai hukunci, yarinya ba ta san komi ba.

Kwamishinan bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Madam, ni na yarda da ke. Na yi aiki a arewa, na san sunayen nan. Amma tunda an yi ƙorafi, in ta shiga fili, ko kun ci goma za a karɓe a ba su, a kuma dakatar da ita. Ba ni da iko a kan wannan." Ya haɗa katunan ya miƙo min. Sai ya ƙara da cewa, "Da jiya kuka zo ofis da katin nan, ai ƙaramin gyara ne. Muna nan har azahar."

Malam Garba ya juyo gare ni. Ya ce, "Tanti, yaushe kinka sani?"

Ina iya cewa yanzu na sani. Ba wanda zai ƙaryata ni. Na ce, "Tun Konni."

Bai zage ni ba, da ma ya zaga. Ya dube ni kawai, ya juya ya ce wa wata yarinya Hauwa ta shirya, ita za ta shiga gaba. Zainabu ta fashe da kuka, ta ce in babu A'i babu mai fita. A'i ce ta kama hannunta ta ce, "Ke, tashi. Mun zo tun daga Tawa, ku tahi ku buga." Ta zauna ta kwance igiyar takalminta, ta cire rigar mai lamba tara, ta ninke ta sosai kamar za a sa a akwati, ta ajiye a kan benci. Ko sau ɗaya ba ta dubi inda nake ba.

Ba a yarda ta zauna a bencin ƴan wasa ba, sai cikin ƴan kallo. Ni kuwa dole in zauna a bakin fili da akwatina. Ba zan iya ba ku labarin wasan kamar masu rediyo ba, rabinsa ban gani ba. Na san yaranmu sun riƙe su har aka kusa hutu, sannan aka zura mana ɗaya da ka. Bayan hutu Zainabu ta yanko wata balo mai kyau, ta ratsa tsakanin masu tsaron baya, irin wadda A'i ke jira. Hauwa ta bi ta da iyakar ƙarfinta, mai tsaron gida ta riga ta. Na waiwaya sama. A'i na tsaye ita kaɗai a cikin jerin kujerun da ba kowa, hannayenta biyu a kan kai. Dab da tashi aka ƙara mana ta biyu. Aka tashi biyu da babu.

An rataya wa yaranmu lambobin na biyu, ban da ita. Kyaftin ɗin waɗancan, wata ƙaƙƙarfa mai Hausa tsantsa, ta bar shagalin kofi ta zo tana tambaya, "Ina lamba tara? Wata guda ana horar da ni a kanta." Aka nuna mata. Ta hau har sama ta ba ta hannu, ta ce wallahi ba da saninsu aka yi ba, su ƴan wasa sun so a buga. A'i ta ce ta gode.

Dawowa ba waƙa. Kar ɗin nan da ta cika da hayaniya, sai ƙarar inji. Wayar A'i ta yi ta ƙara tun daga Yamai, mutanen Takanamat ne, har ta kashe ta. A Doso ba wanda ya sauka sayen komi. Malam Garba ya yi min magana sau ɗaya, ya ce in ba Hauwa maganin ciwon kai, ta yini tana kuka tana cewa ita ta kashe mu. Muka shigo Tawa da yamma, ba kowa a tasha sai iyaye biyu-uku.

A'i ta kwana a gidana, don ni zan mayar da ita hannun wanda ya ba ni. Da safe na dama kunu, ta sha kaɗan. Ina ɗaura kallabi sai na ji ta ce, "Tanti." Maganarta ta farko gare ni ke nan tun ɗakin canza kaya.

Na ce, "Na'am, ɗiyata."

Ta ce, "Ki ɗamre mini ƙahwa."

Na ce ciwo ta ji? Ta girgiza kai. Ta ce, "Gari duka sun taru gaban tele. Baba ya baro bisashe. In na ce musu targaɗe na yi wurin horo, za su ce Allah shi sawwaƙa, shi ke nan. In na ce an ce ba a san ko ni wace ce ba, mi zan ce musu? Mutanenmu da ma suna cewa takardar gwamnati ba tamu ba ce. Ba za a sake barin wata ta taho ba."

Shekara goma sha wani abu ina aikin nan, ban taɓa naɗa bandeji a lafiyayyar ƙafa ba. Na ɗauko akwatin na durƙusa gabanta. Na ce wacce? Ta yi ɗan tunani ta ce ta dama, da ita take bugu. Ina naɗawa hawaye na zuba a kan hannuna. Na ce, "A'i, ki gafarta mini." Ta ce, "Ja shi da kyau, Tanti, kada shi kwance a hanya."

Mun isa Takanamat da hantsi, ranar ba kasuwa. Duk da haka kafin mu sauka mutane sun kewaye motar. Mai shago, malamin makarantarta ta fari, mata da ƴan mata. Suka ga farin bandeji, sai aka ɗauki salati. "Ashe abin da ya hana ke nan! Mun yi ta neman lamba tara har wasa ya ƙare." A'i na ɗingishi, ta dafa kafaɗata. Wata ta ce ai da ta shiga da ba haka ba. Aka kawo amalanken jaki aka ɗora ta har bukkokinsu.

Uban na nan a gindin aduwar. Ya miƙe, ya tsaya yana kallonta tana saukowa, tana takowa zuwa wurin uwarta. Ya shimfiɗa min tabarma, ya hura gawayi ya ɗora shayi. Sai da ƴan rakiya suka koma wajen matan, muka rage mu biyu, sannan ya yi magana ba tare da ya ɗago ba.

Ya ce, "Malama, tun ina yaro aikina kallon ƙahwahu. Na raƙumi, na akuya, na mutum. Mai ciwo ba haka yake taka ƙasa ba. Mi anka yi mata?"

Na gaya masa duka. Takardar da na cike, shingen Konni, yinin Asabar da na yi shiru. Ban rage komi ba. Ya yi ta juya shayi daga buta zuwa kofi, daga kofi zuwa buta. Can ya ce in nuna masa sunayen biyu. Na fiddo katunan. Ya riƙe su nesa da ido, ya juya su, bai iya boko ba. Ya mayar min. Sai ya share ƙasa da tafin hannu, ya zana wasu alamu da yatsa, irin rubutun nan nasu na ɗigo da zobe da sanda, guda huɗu ko biyar.

Ya ce, "Ga ta nan. Ni na raɗa mata shi, a bakin rijiya, da rago. Da kin tambaye ni."

Na ce, "Da na tambaya, Baba."

Ya ce, "Ana gyarawa?" Na ce ana gyarawa, gobe zan fara bin ofis da ƙafata. Ya kaɗa kai. Ya zuba shayin ya miƙo min, mai ɗaci, na farko.

Daga inda muke muna hango A'i zaune a bakin bukka, ta miƙe ƙafar a kan turmi, mata na ta yi mata sannu. Ƙanwar uwarta ta fito da jarka biyu, da alama lokacin zuwa rijiya ya yi, ta tsaya tana duban A'i tana duban jaki. Sai tsohon ya gyara rawaninsa, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, da Hausa, ba da harshensu ba.

Ya ce, "Kada wanda ya aike ta ko'ina. Malama ta ce kwana bakwai ba ta taka ƙasa."

A'i ta ɗago ta dube shi. Shi kuwa ya riga ya sunkuya yana ƙara gawayi a wuta.